Tsagar da Ladi Ta Bari

Tun rasuwar maigidanta Bulus, Tabita ba ta ƙara ɗora babbar tukunya a wuta ba. Ɗansu ɗaya tilo, Ishaku, yana aiki can Arlit, sai dai ya kira ta a waya ranar Lahadi. Ita kuwa ta ajiye aikin koyarwa a lakwal, ta zauna a gidansu na unguwar Harobanda, hayin kogi a Yamai, tana share ɗakunan da ba mai kwana a ciki.

Wata rana a majami'a aka yi sanarwa cewa wata ƙungiya mai kula da yara tana neman gidajen da za su riƙi yaro na ɗan lokaci, kafin iyayensa su samu kansu. Tabita ta shiga taksi ta ƙetare gada, ta je bironsu, wato ofishin ƙungiyar. Aka yi musu horo ita da waɗansu mata, sannan aka zo duba gidanta: ɗaki, gidan sauro, randar ruwa, har bayan gida. Wadda ta zo dubawar, Madam Zahra'u, mace ce mai saurin magana, kullum da makullin moto, wato babur ɗinta, a hannu.

"Tanti, ki riƙe wannan a ranki," in ji ta. "Riƙo ne, ba kyauta ba. Ran da uwa ta warke, za mu zo mu ɗauka. Kuma farkon zaman gwaji ne, ke da yarinyar."

Yarinyar da aka kawo sunanta Nafissa, ba ta wuce shekara bakwai ba. Uwarta Ladi dambun zogale take sayarwa a kasuwar Lazaret, sai ciwon ƙirji ya kwantar da ita a likita, a ɓangaren da ba a barin yara su shiga. Ba su da kowa a Yamai. Nafissa ta zo da ƴar leda ɗaya ta tufafi, da kitso a kanta wanda tun a ranar ya fara tsufa.

Ba ta da rigima. In an ba ta abinci ta ci, in an ce ta yi wanka ta yi, amma ba ta bari ruwa ya hau kanta. Ba ta magana sai an tambaye ta. Duk da haka gidan ya sāke. Tabita takan tsaya a madafa tana sauraron ƙarar ƴan takalman roba a tsakar gida, ta ji kamar an buɗe wata taga da ta daɗe a rufe.

Kitson kuwa sai ƙara lalacewa yake. Gashi ya tashi buzu-buzu, yarinya ta fara susa. Maƙwabciyar Tabita, Jummai, ta leƙo ta kan katanga tana shanya.

"Maman Ishaku, wannan kan ɗiyar taki fa? Ki yi hankali kada kazata ta yi ƙwai a ciki! Turo mini ita in tsefe, ke da ɗa namiji kaɗai kika raina, ina kika san kitso?"

Tabita ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Ta sayo matsefi da man kaɗe, ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta kira Nafissa. Da yarinyar ta ga matsefin, sai ta dafe kanta da hannu biyu, ta shige bayan ƙofar ɗaki. Ranar ko abincin rana ba ta ci ba. Tabita ta zauna ita kaɗai a gaban kwano biyu, kamar dā, sai dai yanzu akwai mutum a gidan, kuma tsoronta yake ji.

Da Madam Zahra'u ta zo ziyara, ta ɗaga kallabin yarinyar, fuskarta ta canza. Ta ja Tabita gefe.

"Tanti, har ƙuraje sun fito. Ni na san ki, amma ba ni kaɗai ke yanke magana ba. In na dawo ran Alhamis na tarar da kan nan haka, za a ce ba ki iya da ita ba, a mai da ita gidan yara na ƙungiya. Ki riƙe ta a tsefe, kukan na rana ɗaya ne."

Tabita ta san za ta iya. In ta so, sai Jummai ta riƙe ƙafafu, ita ta riƙe hannuwa, a gama. Yarinya za ta zauna a gidan, amma bayan ƙofa. In kuwa ta ƙyale, a zo a ɗauke ta.

Washegari da azahar, zafi ya yi yawa, Nafissa ta kwanta a tabarma tana gyangyaɗi. Tabita na kusa tana tsince shinkafa, sai ta lura da hannun yarinyar. Ba susa take ba. Ɗan yatsanta take ɗorawa a goshi, ta bi tsagar kitson a hankali har ƙeya, ta dawo ta kama ta gaba.

"Nafissa, wa ya yi miki kitson nan?"

"Inna." Sannan ta ƙara da cewa, "Ran da za ta tafi. In an tsefe, shi ke nan, ba sauran nata."

Tabita ta ajiye faifan. Ta tuna yadda take koya wa ƴan aji ɗaya rubutu: ita ta ja harafi a allo da alli, yaro ya bi ta kai.

"To, ji nan. Ba za mu tsefe duka ba. Guda ɗaya za mu warware, mu wanke, mu mai da shi inda yake. Sauran suna nan suna tsare masa wuri. Tsagar innarki ba wanda zai taɓa. Ke za ki riƙe madubi, in na kauce ki ce na kauce."

Nafissa ta tashi ta ɗauko madubin.

Rabon Tabita da kitso tun tana budurwa a Dogondutsi, kuma yatsunta sun yi tauri. Na farko sai da ta sake shi, don yarinya ta ce ya yi kauri. Suka yi kaɗan ranar, washegari suka ci gaba. Ta warware ɗaya, ta goge fatar da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafa magani da mai, ta kitse. Jummai ta leƙo ta ce ba ta taɓa ganin kitson da ake yi kamar facin zane ba, amma ta miƙo zare ta kan katanga.

Ran Alhamis Madam Zahra'u ta zo, ta juya kan yarinyar hagu da dama, ta duba ƙurajen da suka fara bushewa.

"Kai, Tanti, kin yi ƙoƙari! Amma wannan tsagar ta bayan kunne ai ta karkace."

"Nan Inna ta yi tari," in ji Nafissa.

Madam Zahra'u ta sauke hannunta. Sai a bakin ƙofa, tana tayar da moto, ta ce yarinya za ta zauna. Ta ce kuma Ladi na samun sauƙi, mai yiwuwa a sallame ta bayan damina.

"Madalla," in ji Tabita, kuma har cikin zuciyarta ta faɗi haka.

Ta tsaya har ƙarar moton ta ɓace a kwana. Daga ciki tana jin Nafissa na magana da madubi ƙasa-ƙasa. Ta shiga madafa, ta dubi babbar tukunyar da ke kife a kan kanta, ta bar ta inda take, ta ɗauko matsakaiciya ta ɗauraye.