Burodin da Na Ba Baba

Takardar da aka manna a kan gadon Baba ba ta ɓoye komai ba: kada ya ci, kada ya sha, sai an gama masa aikin ƙaba. Da idona na karanta. Amma Baba mutum ne da in bai karya da wuri ba, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa.

"Auta," ya ce, "yanka ni za su yi, kuma da yunwa? Ko akuya ai ana ba ta ruwa."

Na yi dariya, na tsoma masa burodi a shayi, loma uku. Ni da kaina na kakkaɓe masa gemu.

Likitar da ke sa barci ta shigo, wata siririya mai tabarau. "Ya ci wani abu tun jiya?"

Baba ya ƙyafta mini ido.

"Ko ruwa bai sha ba," na ce.

Ana sa shi barci abincin ya taso, ya faɗa masa huhu. Aikin rabin awa ya koma kwana huɗu a ɗakin kulawa ta musamman, bututu a baki, inji yana yi masa numfashi.

Yayana kuwa dama ƙiris yake jira. Ya ce allurar barci aka zabga wa tsoho, ya rantse sai likitar ta bar aiki. Ni kuwa kunya da tsoro suna cina.

Rana ta huɗu likitar ta same ni a benci. "Gobe za mu gwada cire bututun. Ke kin ci abinci kuwa?"

"Likita, ranar nan..."

"Na sani. Ni na zuƙo burodin daga maƙogwaronsa. Ni ma da laifina, na tambaye ki ban gaya miki dalili ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ta yi nisa ba sai ga Yaya da takardar ƙara da biro. "Sa hannu nan. Ke ce shaida, ke kika kwana da shi, kin san bai ci komai ba."

Ta gilashin ƙofa ina hango ƙirjin Baba yana hawa yana sauka. Na mayar wa Yaya da bironsa.

"Yaya, zauna tukuna. Loma uku ce, kuma ni na ba shi."