Inda Malam Haliru Ke Tsayawa

Malam Haliru mai gyaran keke maƙwabcina ne a Bungudu, katanga ɗaya ta raba mu. Bara da damina hawan jini ya kayar da shi a bakin rumfarsa. Da aka dawo da shi daga asibiti a Gusau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa kuma ya rufe. Ko ruwa yake so sai dai ya nuna randa da ido.

Ana nan, wata rana da hantsi, matarsa Wasila tana ba shi kunu, sai ya buɗe baki ya ce, "Jete. Tiyete. Ilete."

Daga nan ya tsaya. Ya yi ta motsa leɓe, gumi ya karyo masa, ya shiga dukan tabarma da hannunsa mai lafiya har kunun ya zube. Da ya huta ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa a wurin. Kullum haka, da murya irin ta yaro mai biya allo.

Ba wanda ya gane ko wane yare ne. Liman ya saurara ya ce ba Larabci ba ne. Wani Bafillace mai kawo nono ya ce ba nasu ba ne. Ɗalibai suka ce ba Turanci ba ne. Zakari, ƙanin Haliru, mai sayar da hatsi a Tsafe, shi ya yanke magana. Ya ce tunda ba yaren mutane ba ne, to na mutanen ɓoye ne, kuma dukan tabarmar nan alama ce ta sun hau. Akwai wani mai magani a bayan dutsen Tsafe, in ji shi, amma ana barin marar lafiya a can, ba a yarda mace ta zauna jinya. Ya ce ranar Asabar zai zo da mota.

Wasila ta ce ba ta yarda ba. Mutumin da ba ya iya neman ruwa, wa zai karanta masa ido a can? Zakari ya ce ta kawo wata fassarar in tana da ita.

Ni kuwa abin ya zauna mini a kai, don ta katanga nake jinsa safe da yamma. Ranar Alhamis na shiga motar Gusau zan sayo maganin ido. Muna cikin tafiya ashe ina ta maimaitawa ban sani ba: jete, tiyete, ilete. Sai wata murya daga bayana ta ce, "Nuzetiyon."

Na yi ta'awizi kafin na waiga. Wata mata ce da gilashi, tana rungume da jaka, tana dariya.

"Baba, ina ka yi Faransanci?"

Na ce ban yi ba, na maƙwabcina ne, shi ma bai yi ba. Sunanta Malama Juwairiyya, tana koyar da Faransanci a wata sakandare a Gusau. Ta ce wannan jeri ne da ake sa yara su haddace, na faɗin yadda mutum ya kasance a da: na kasance, ka kasance, ya kasance, sai a wuce zuwa mu da ku da su. Na tambaye ta ko Faransawa ɗaki daban suka gina wa abin da ya wuce. Ta ce kusan haka, amma wannan na abin da ya wuce ne yana cikin faruwa, ba a faɗi inda ya ƙare ba. Har muka isa tasha ina juya wannan ban gama ganewa ba.

Amma wani abu ya faɗo mini. Muna yara Haliru ya taɓa ɓacewa wasu shekaru. Aka ce yana gidan kawunsa can wajen Maraɗi, da muke kira Faransa. Ya dawo da gajeren wando irin na 'yan makarantar boko, da tabon bulala a yatsunsa, bai taɓa ba da labarin wurin ba. A lokacin ba a haifi Zakari ba.

Ranar Asabar malamar, da na roƙa ta zo ta gan shi, ta riga motar Zakari isowa. Ta durƙusa ta gaida Wasila, ta zauna gefen tabarma. Zakari ya shigo ya tsaya a ƙofa yana kaɗa makulli. Haliru ya fara. Da ya kai ilete ya ɗaga hannu zai doki tabarma, sai malamar ta faɗa masa abin da ke gaba, a hankali.

Hannun ya tsaya a sama. Ya dube ta kamar mai jiran bulala. Sannan ya ce, "Nuzetiyon. Buzetiye. Ilzete." Ya sauke hannun, ya yi ajiyar zuciya, barci ya ɗauke shi a zaune.

Zakari ya juyo wajena. "To ita wagga," ya ce da ni, "malama ce ko ita ma tana da su?"

Na ba shi labarin Maraɗi. Ya ce bai taɓa ji ba, kuma ko da gaskiya ne, wa ya ce aljani ba ya zuwa makaranta? Amma ya yarda da abu ɗaya: in dukan tabarmar ya daina, zai bar yayansa a ɗakinsa. In dukan ya dawo, shi ma zai dawo da mota.

Malama ba za ta zo kullum daga Gusau ba. Saboda haka ta zaunar da Wasila a gindin darbejiya, matar da ba ta taɓa taka makarantar boko ba, ta yi ta biya mata har la'asar. Wasila ta ce bakinta ya ƙi juyawa, kamar tana tauna ƙashi.

Washegari ina zaune ta bayan katanga na ji Haliru ya fara. Ya kai wurin. Wasila ta yi sauri ta ce, "Nuzatuyan, Malam."

Na miƙe ina jiran ƙarar tabarma.

"A'a," in ji shi, da Hausa, da muryarsa ta da. "Ba haka ba, Wasila."

Ta ce, "To ya aka ce?"

Ya faɗa mata. Ta sake yin kuskure, ban sani ba ko da gangan ne. Ya sake gyara mata. Har kunun ya huce suna nan a kai.