Hannun Daman Florian

"Ba mai yanke mini hannu," in ji Florian, yana jan bargo ya rufe shi.

Hedwig, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasa a gidan hayar, ta fizge bargon. Wayyo! Hannun ya kumbura suntum, ya yi baƙi har gwiwar hannu, wari ya cika ɗakin.

"Dubi abin da kake wa rowa, sarkin taurin kai. Likita ya ce yau, ba gobe ba."

A shekarar ce aka fara biyan 'yan ƙwallon kwando a garinsu da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, Florian kuwa ya yi watsi da aikin masaƙa ya shiga ƙungiyar. A zauren rawa ake buga wasan, cikin kejin waya kamar na kaji, don kada ƙwallo ta faɗa kan 'yan kallo. Wani ƙato ne ya matse shi a jikin wayar mai tsatsa, ta yage masa dantse. Gogan naka ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da wasa.

"Inna, wasa ɗaya ya rage mu ɗauki kofi. Da dungu me zan yi? Ko masaƙar ba za ta karɓe ni ba."

"Za ka rayu, ɗan banza! Ni zan riƙa yanka maka burodi."

Ya yi dariya, ya juya fuska bango. Ranta ya ɓaci matuƙa, don tun da ɗanta ya rasu ba wanda ke kiranta Inna sai shi.

Kocin ƙungiyar ya zo sau ɗaya da lemo, ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci. "Warke da wuri, zakara," ya ce. Washegari ya ɗauki wani a gurbinsa. Hedwig ta ji a shagon nama, ta ɓoye wa Florian.

Ranar Asabar da hantsi ta same shi yana karkarwa, leɓɓansa sun bushe.

"Inna, a kira Likita. Ya yanke."

Ta aika a kira Likita, ta ɗora ruwa a wuta, ta goge teburin kicin da za a yi aikin a kai da sabulu har yatsunta suka yi ja. Likita ya zo, ya buɗe rigar Florian, ya ga jan ciwon ya haura har ƙirji. Ko jakarsa bai buɗe ba.

"Ki ba shi ruwa in ya nema," ya ce mata a hankali.

"Likita, na yarda fa," in ji Florian, yana ƙoƙarin ɗaga hannun. "Ba ka ji ba? Na ce na yarda."

Kafin la'asar ya cika.

Hedwig ta rufe masa ido, ta sauka kicin. Ruwan yana ta tafasa. Ta sauke tukunyar, ta zauna gefen teburin har tururin ya daina tashi.