Gurbin Babban Yatsa

Kafin zuwan na'urorin wasa masu kaset, waɗanda matasan yau suke ɗauka su ne na farko, an yi wasu ƙanana da ba su wuce tafin hannu ba. Kowacce wasa ɗaya tal take ɗauke da shi, mutanen cikinta kuma baƙaƙe ne, sifarsu a zane take cikin gilashin tun daga masana'anta, kamar lambobin agogon hannu. Irin wannan ce mahaifinsu ya kawo gida a farkon shekarun tamanin, lokacin Yaya yana sakandare, Auta kuwa bai gama firamare ba. Wasan na wani ɗan lebura ne mai tura baro, yana tare tubalan da ke faɗowa daga bene. In tubali ya fashe sau uku, ka mutu.

Doka ɗaya Yaya ya kafa. Shi zai fara, Auta ya zauna a hagunsa yana leƙe, sai ya mutu sannan ya miƙa. Da yake Yaya gwani ne, Auta ya fi shan kallo.

Auta ya girma ya zama likitan haƙori, mutumin da ba ya iya ganin tsaga ya ƙyale. Bayan ya yi ritaya sai ya mayar da ɗakin karatunsa ma'ajiyar waɗannan na'urori, kowacce cikin kabad na gilashi, an cire mata batir don kada ya zubo ya ci ƙarfe. Yaya kuwa, wanda ya ƙare aikinsa a gidan waya, ciwon mantuwa ya kama shi. Ya fara da manta makullai, ya zo ga sunayen jikoki. Daga baya, duk ranar da Auta ya shigo ɗakinsa, sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa kake nema?"

Auta ba ya fatan warakar da likitoci suka ce babu. Abin da yake so kawai shi ne ya ji wannan bakin ya sake kiransa Auta ko da sau ɗaya.

'Yar Yaya ce take jinyarsa, wadda su duka biyun suke kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsu da ta ci. Wata ranar Asabar ta tare Auta a bakin ƙofa da wani abu a hannu.

"Baffa, ga 'yar uwar tarkacenka. A durowar gefen gadonsa na same ta, ƙarƙashin safa."

Na'urar ce. Kwansonta, wanda a da fari ne, ya koma ruwan ƙasa. Kusurwa ɗaya ta tsage an naɗe ta da baƙin salatif. Murfin batir ya ɓata tun suna yara, an toshe gurbinsa da kwali. Maɓallin dama kuwa ya lotsa, robar da ke kewaye da shi ta cinye har ta yi ɗan rami, daidai babban yatsan Yaya.

"Tarkace kika ce?" in ji Auta. "Uwata, wannan ta girme ki. Ba ni ita, zan tayar da ita. In ya ji kukanta zai tuna."

A cikin kabad ɗinsa akwai irinta sak, sabuwa fil, wadda injinta ya mutu tun kafin ta zo hannunsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kunna fitilar tebur, ya ɗauko hantsakin aikinsa na da. Sukurorin tsohuwar sun yi tsatsa. Da ya matsa musu, ginshiƙan robar da ke riƙe da su suka marmashe kamar ruɓaɓɓen haƙori. Bai damu ba, tun da ba ya nufin mayar da komai cikin wannan kwanso. Ya goge injin, ya jira wani ɗan ƙarfe da ya yi oda, ya dasa duka cikin sabon kwanson. Makonni suka shige. Ranar da ya saka batir ɗan lebura ya bayyana da baronsa, Auta ya yi dariya shi kaɗai a ɗaki.

Tsohon kwanson kuwa ya saka shi cikin leda ya ajiye, domin masu tara irin waɗannan kaya ba sa zubar da komai.

Ya sami Yaya a kujerarsa ta bakin taga, ya rame fiye da yadda ya bar shi. Ya kunna na'urar ya ɗora masa a hannu. Yaya ya juya ta gaba da baya. Yatsansa ya hau maɓallin dama, ya zame, ya sake hawa, ya tsaya. Kukan na'urar yana tashi, tubala suna fashewa, bai ko dubi gilashin ba.

"Malam, wannan ta kanti ce," ya ce a hankali. "Mayar wa mai ita. In Baba ya gan ta a hannuna zai ce na ɗauko."

"Taka ce, Yaya. Gyara ta na yi."

"A'a. Tawa tana da ciwo a nan." Ya nuna kusurwa, ya ture ta, ya mayar da fuskarsa ga taga.

Uwata ta ja Auta zuwa baranda. "Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun ranar da na ba ka ita yake buɗe durowar nan yana lalube. Ban gane ba sai daga baya. Ashe kullum yana ɗauko ta ya riƙe, ba ruwansa da ko tana kamawa. Na so in kira ka, sai na ga irin murnar da kake yi." Ta share ido da bayan hannu, ta yi ɗan murmushi. "Kai dai ko dutse aka ba ka sai ka yi masa ciko."

Auta ya koma gida ya ɗauko ledar. Ya gwada mayar da injin, amma babu abin da zai riƙe shi, ginshiƙan sun zama gari. Ya haɗa ɓari biyun hakanan babu komai a ciki, ya tallafe maɓallan da auduga, ya mayar da kwalin, ya naɗe kusurwar da tsohon salatif ɗin. Inda gilashi yake a da, yanzu rami ne mai kusurwa huɗu.

Da la'asar ya dawo. Ya zauna a kujerar baƙi, a dama da Yaya, ya miƙa masa kwanson.

Babban yatsan ya faɗa gurbinsa kamar ƙafa cikin tsohon takalmi. Yaya ya sunkuya, ya kusanto da kwanson ga fuskarsa, kafaɗunsa suka ɗaga. Yatsunsa suka fara aiki, hagu, dama, dama, bakinsa yana yin kukan da na'urar ba za ta sake yi ba, ƙit, ƙit, ƙit. Uwata ta tsaya a bakin ƙofa da kofin magani. An daɗe a haka. Sai Yaya ya ja tsaki.

"Kash. Na mutu." Ya miƙa hannu gefen hagu, inda babu kowa sai bango da ƙaramin tebur, bai ko waiwaya ba. "Ungo, Auta. Kar ka cinye min batir."

Auta ya tashi. Gwiwoyinsa ba su son durƙuso, amma ya zagaya bayan kujerar, ya ture teburin, ya durƙusa a hagu, ya karɓa. Ya ɗora yatsansa cikin gurbin maɓallin, gurbin ya yi masa faɗi. Ya fara dannawa, idonsa a kan audugar da ke leƙowa ta tagar kwanson, yana jin numfashin Yaya a kunnensa. Ya sani in ya ɗago kai aka haɗa ido, Malam zai koma. Saboda haka bai ɗago ba.

"Dama, dama, wawa!" in ji Yaya. "Ga tubali can!"

"Na gani, Yaya."

"Ba ka gani ba. Kullum ba ka gani."

Auta ya ci gaba da dannawa, gwiwarsa tana zafi, hawaye yana ɗiga a kan salatif. Uwata ta ajiye kofin a ƙasa, ta jingina da ƙofa tana jira.