Lemun Sista Dufie

Saura minti ashirin ƙarfe sha biyun ranar Juma'a ta cika, dokar asibitinmu a Kumasi kuwa ba kwana-kwana: duk nas ɗin da katinta bai nuna ta yi allurar korona kafin lokacin ba, ta tuɓe farar riga ta kama hanyar gida.

Sista Dufie kaɗai ta rage. Ita da ta tsira wa rabin unguwar Bantama allura! Amma tun da ƙanwar mijinta ta turo mata saƙo wai rigakafin na daskarar da jini, ta ce ba da ita ba.

Ta ja ni ɗakin allura. "Konadu, 'yar'uwa, rufa min asiri." Ta naɗe hannun suwaita, sai ga ɓarin lemu manne da filasta a damtsenta. "Soka nan, ki buga min hatimi. Ai da lemu muka koya a makaranta."

Dariya ta shaƙe ni. Kafin in farfaɗo, sai ga shugabarmu, Matiron Boatemaa, tana ƙamshin tuwon dokunu da kifi.

"Ni zan yi mata."

Dufie ta yi wuf ta saki suwaita, damtse ya yi tudu kamar na ɗan dambe. Matiron ta dubi tudun, ta dube ni. Sai ta zagaya ɗaya hannun, ta naɗe shi, ta damƙi sirinji kamar muciya, ta nufi gwiwar hannu.

Dufie ta zabura. "Maame! Ina za ki?"

"Tsufa, 'yata. Ba nan ba ne?"

"Jijiya ce nan! Ko gogewa ba ki yi ba! Yatsa uku ƙasa da kafaɗa! Miƙe allurar, ba a karkace ba!" Ta fizgi auduga ta goge damtsenta da kanta, ta dangwala yatsa. "Nan!"

Sai kunnenta ya ji bakinta.

"In soka?" in ji Matiron. "Tawa allurar wata biyar ke nan, ga ni ina ta masifata."

Dufie ta dubi agogo, ta dubi farar rigarta, ta runtse ido.

"Soka. In na mutu dai, fatalwata a ofishinki za ta tare."

Ihun da ta kurma, sai da jariran ɗakin haihuwa suka amsa mata.

Ranar Litinin ta zo aiki hannu a sandare, tana faɗa wa masu layi, "Tsoron me? Ko cizon sauro bai kai ba!"