Hatimin Ranar Wasa

"Ki tafi gidan waya yanzu, Kubura, kafin su rufe," in ji Malam Ya'u, yana tura mata ambulan da yatsa ɗaya, don hannun ya daina ɗaguwa.

"In tafi ina? Kana jin yadda kake numfashi kuwa?"

Ni da nake ba ku labarin nan katangarmu ɗaya da su a Ƙofar Ran, katangar kuma gajera ce, ba laifin kunnena ba ne. Tun yana saurayi Ya'u yake tara ambulan na tunawa da wasannin duniya, ƙwallo ne, tsere ne, dambe ne, kowanne da kan sarki mai hoto da hatimin gidan waya. Ba wasiƙa a ciki. Sunansa yake rubutawa a kai. Mun sha dariya a unguwa, wai mutum yana aika wa kansa iska. Har akwatin lefen Kubura ya ƙwace ya cika.

To, a shekarar aka kawo wasan ƙwallon matasa na duniya har Bauchi, ranar kuma ake bugawa. Ambulan in bai sami hatimin ranar ba, a wurin Ya'u takardar ƙosai ce.

"Gobe sai in je," ta ce.

"Hatimin gobe na gobe ne." Ya huta. "In an buga kar ki taɓa tawadar. Ki riƙe ta gefe."

Kubura ba ta son komai sai ta kasance kusa da shi in lokaci ya yi, ta laƙƙana masa kalmar shahada da bakinta. Amma tunda aka kawo ta gidan bai taɓa roƙonta wani abu da irin wannan ido ba. Ta leƙo ta katanga. "Yaya, zo ki zauna mini da shi."

A Wunti keken da ta hau ya tsaya cak. 'Yan kallo sun cika titi da tutoci da ganguna. Ta sauka ta ratsa su da ƙafa, mayafi na zamewa. Ta sami ma'aikacin gidan waya yana haɗa kayansa, hankalinsa na filin wasa.

"Mama, an tashi."

"Ɗana, na Malam Ya'u ne. Yana kwance."

Ya dube ta, ya zauna, ya gyara kwanan wata a jikin hatimin, ya buga a hankali. Sai ya karanta sunan da ke kai. "Kubura Ya'u. Ke ce?"

Ba ta iya boko ba. Duk hanya ba ta san sunanta ta ɗauko ba.

Ta juyo da sauri, ambulan tsakanin yatsunta, tana hura masa iska. Daga filin wasa ihu ya tashi, an ci wani. Tun daga bakin lungu ta hango tabarmi a ƙofar gida, Abdulsalam tela yana jera butoci.

Ni na tare ta a zaure. "Ya cika da kalma, Kubura. Da kansa ya faɗa, ban ko tuna masa ba."

Ta gyaɗa kai. Mata suka taso za su kama hannunta, ta ɗaga shi sama kaɗan.

"Ku bari," ta ce. "Bai bushe ba."

Ya bushe tun a Wunti. Haka ta shige ɗaki, tana riƙe da shi ta gefe.