Hanta Tana Hagu

A gidanmu idan ka ce wa ƙanwata rana ta fito, sai ta ɗaga labule ta duba tukuna. Tun tana 'yar firamare muka laƙaba mata suna Lauya. Ta yi musun sunan har ta gaji, bai sake ta ba. Ni aski nake yi, kowa kuwa ya san shagon aski ba ya rabo da gardama, amma har yau ban samu kwastoman da ya kama ƙafarta ba.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, wannan bakin da ba ya mutuwa, da ya ga takardar jarrabawa sai ya mutu murus. A makarantar koyon aikin jinya take, kuma ta faɗi jarrabawar fita har sau biyu. Dokar makarantar, wanda ya faɗi karo na uku sai ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Farar rigar aikin da Mama ta ɗinka mata tun shekarar farko tana nan rataye a bayan ƙofa cikin leda, kowa na kauce wa kallonta.

Ba ƙoƙari ne ba ta yi ba. Wata malamarsu ta ce musu kowane mutum da ƙofar da karatu yake shigar masa: wani ta ido, wani ta kunne, wani sai ya taɓa da hannu. Lauya ta bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ta lulluɓe bangon ɗakinta da zane-zane, har Mama ta shiga shara ta yi ido huɗu da ƙwarangwal, ta fito babu tsintsiyar. Ta koma sauraron darasi a waya, ya zame mata maganin barci. Da ta zo kan hannu kuwa ni na sha wahala, ta naɗe ni da bandeji tun daga wuya har gwiwa, washegari ta manta ta inda ta fara.

Ana cikin haka wata rana Mama tana guga, dutsen ya lashe ta a bayan hannu.

"Miƙo min man goge baki," in ji Mama.

"Ba a sa wa ƙuna man goge baki. Ruwa za ki sakar mata," in ji Lauya.

"Ke, da shi na yi renonku kaf."

"Shi ya sa Yaya yake da tabo a ƙafa."

"Ji min yarinya! Ke da kika faɗi sau biyu za ki koya min?"

Na saci kallon Lauya. Na ce yau akwai kuka. Ina! Lauya ta ja hannun Mama ta tura ƙarƙashin famfo, ta shige ɗaki fuu, ta dawo da wani ƙaton littafi, ta tsaya a kanta tana karanto babin ƙuna da ƙarfi, tana buga shafin da yatsa. Bayan mako guda ina ji tana sake yi wa Mama bitar maganar, babu littafi a hannunta, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba.

A nan kaina ya kawo wuta. Yarinyar nan tana iya faɗa maka kalmar da ka furta a rigimar da kuka yi shekarun baya, har da launin rigar da ke jikinka. Ashe malamar ta manta da ƙofa guda. Lauya ba ta riƙe abin da aka koya mata, sai abin da ta ci wani da shi.

Na kai wa Mama shawarar mu riƙa yin katoɓara da gangan don Lauya ta yi musu, ta karɓa hannu bibbiyu. Sai Baba. Mahaifinmu gyaran agogo yake yi a wani ɗan tebur kusa da taga, da ƙaramin gilashi maƙale a ido. Mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, kuma duk duniya babu wadda yake ji da ita kamar Lauya. Shi bai taɓa kiranta Lauya ba ma, Uwata yake ce mata.

"Ni ba na ƙarya," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Baba, ba ƙarya ba ce, koyarwa ce."

"Za ka ce mata hanta tana hagu?"

"E."

"Tana hagu?"

"A'a."

"To."

Haka muka fara babu shi. Muna cin abinci na dafe haƙarƙarina na hagu, na ce, "Wash, hantata."

Lauya ta ajiye cokali. "Hanta a dama take."

"Taki dai. Tawa tun haihuwa a hagu take."

"Yaya, kada ka faɗi wannan a waje, mutane sun san ƙanwarka ce ni."

"Kawo shaida."

Ta kawo. Kafin abincin ya huce na san aikin hanta fiye da yadda nake bukata, ita kuma ta hau kai ta zauna daram. Daga nan kullum sai na leƙa littafinta kafin in tafi shago, in ɗauko gaskiya guda in juya ta. Na ce zuciya ɗakuna uku gare ta. Na ce huhun dama da na hagu duk ɗaya suke. Na ce in mutum ya ji sauƙi ya ajiye sauran maganin, ya yi wa gaba tanadi. Ranar nan har maƙwabta sai da suka leƙo.

Mama kuwa ta ba ni mamaki. Ta ce mai haɓo kansa zai ɗaga sama. Ta ce mai zazzaɓi a rufe shi da bargo uku ya yi gumi. Tana faɗa tana rantsuwa, jijiyar wuya a tashe. Na ja ta gefe na ce, "Mama, kin iya wasan nan fa."

"Wane wasa?" in ji ta. "Ai ni gaskiya nake faɗa."

Gida ya zama kotu, Lauya tana cin shari'a safe da yamma, har wani haske ta ƙara. Baba yana teburinsa, in an yi wata muguwar katoɓara sai ka ga kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa asirinmu ya tonu, kuma Mama ce ta tona. Ta dawo daga kasuwa a gajiye, Lauya ta tare ta da ragowar musun jiya.

"Don Allah ki ƙyale ni," in ji Mama. "Ni na yi nawa jiya. Yau layin yayanki ne."

Lauya ta dubi Mama, ta dube ni. Na yi ƙoƙarin yin tari, bai fito ba.

"Layi," ta ce a hankali. "Ashe layi kuke bi."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Da yamma na gwada sa'ata, na ce mata ƙoda a gwiwa take.

"Haka ne, Yaya."

Na ce jini kore ne.

"Haka ne, Yaya."

Ban taɓa jin kalmomi masu ciwo irin waɗannan ba. Na bi ta har ƙofar ɗaki ina ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai. Na gane. Daƙiƙiya ce ni, sai an yi min dabara kamar yaron da ba ya son magani." Ta rufe ƙofa.

Ranar jarrabawa da safe ta fito da kayan barcinta, ta zauna a kujera ta harɗe hannu. Ta ce ba za ta je ba. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma kuka. Na ce mata duk littafin yana kanta, ni shaida ne. Ta ce, "Haka ne, Yaya," ba ta motsa ba. Agogunan Baba kuwa sun cika ɗakin da ƙas-ƙas, kowanne yana nuna mana lokaci na tafiya.

Sai Baba ya cire gilashin daga idonsa, ya juyo da kujerarsa.

"Ku ƙyale ta," ya ce. "Gara da ba ta shirya ba. Dama ba za ta ci ba. Kanta ba na karatu ba ne."

Mama ta dafe ƙirji. Lauya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Baba, kai ma ka shiga layin?"

Ya dube ta ido cikin ido. "Kin taɓa jin na yi ƙarya?"

Na ga dariyar ta bushe a fuskarta. Ta jira ya ce Uwata, bai ce ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji ana buɗe durowa ana bugawa. Ta fito a shirye, ta tsaya a bakin ƙofa, idonta jajir.

"Za ka gani," ta ce, ta fita.

Baba ya juya ga teburinsa, ya ɗauki ɗan hantsakin da yake kama ƙananan kusoshi da shi. Ya jujjuya shi a hannu, bai taɓa ko agogo ɗaya ba. Ya ajiye.

"In ta faɗi," ya ce da ni, "har ta mutu za ta ɗauka da gaske nake."

Tun daga ranar har fitowar sakamako, gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da Baba. Ta dawo musu da ni, ta dawo musu da Mama, amma in Baba ya yi magana sai ta ce "To." Na ce masa ya kira ta ya warware mata mana. Ya ce in ya warware yanzu za ta ce tausayinta ya ji. Ya rame. Wani agogon bango da aka kawo masa ya kwance shi ya ɗaura ya fi a ƙirga, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ina shago da rana, na kai rabin kan wani mutum, Mama ta kira ni tana ihu, ban gane ko na murna ne ba. Na bar mutumin da rabin gashi na ruga gida. Na tarar da Lauya tsaye a kan Baba, sanye da farar rigar nan, ko lanƙwasar ledar ba ta sake ta ba.

"Maimaita abin da ka faɗa," in ji ta.

Baba ya cire gilashin, ya daɗe yana kallon rigar.

"Ƙarya na yi, Uwata."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun a lokacin. Kunnenka har rawa yake yi. Ba ka iya ba ko kaɗan."

"To me ya fitar da ke?"

"Ko ƙarya ce ai ba zan bar ta ta kwana ba a ba ta amsa ba." Ta kau da kai. "Amma kada ka sake, Baba. Na san ƙarya ce, kuma duk da haka ta yi min ciwo."

Baba ya sunkuyar da kai, ya goge ido da bayan hannu. Can ya ɗago.

"Ba ki sani ba," ya ce.

"Na sani!"

"Da kin sani da ba ki yi fushi ba."

"Baba, na ce maka na sani!"

"Kawo shaida."

Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta naɗe hannun farar rigar. Wannan ne musu na farko da na taɓa ganin mahaifinmu ya yi a rayuwata. Ta kayar da shi warwas, kuma bai bari an tashi da wuri ba.